Katunan da Suka Riƙe wa Hamisu Wuri

Liyon, 30 ga Yuni, 2024

Zuwa ga taubashiyata Lubna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da Inno da duk mutanen gida. Yaya ƙafar Inno? Ni lafiya ƙalau, sai kewar gida da ba ta jin magani. Da hannu na rubuta na ɗauki hoto na aiko, kamar yadda kika ce, tunda saƙon murya in ya shiga gidanku duk unguwar Birni ce ke saurare.

Hajiya Shatu za ta iso Zinder cikin makon nan, na ba ta ƙaramin akwati ta kawo miki. Kada ki fara murna, ba turare ba ne. Ƙari ne na Rijiyoyin Haske, wasan nan da na kawo muku shekara huɗu da suka wuce, kuka ce wane mahaukaci ne zai zauna awa tara yana tura jiragen roba tsakanin taurari, daga baya kuka fi ni haukacewa. A cikin ƙarin akwai sababbin fallayen taswira na gefe, da sababbin dokokin majalisa, da abin da ya sa na saya: katuna ashirin da huɗu da ake kira Wanda Ba Ya Nan. In mutum uku ne suka taru, sai a ajiye katunan a mazauni na huɗu. Kowane zagaye a buɗe biyu, a yi abin da suka ce. Suna yaƙi, suna kyauta, suna tafiya, kamar da mutum a wurin.

A kantin wasanni da nake aiki ranar Asabar gardama ake ta yi a kansa. Wasu sun ce ƙarin ya gyara wasan, wasu sun ce ya ɓata shi. Na ce musu su dakata, alƙalan wannan wasa suna Damagaram.

Yanzu ga maganar da nake ta kewaye-kewaye a kanta. Na san teburin yana nan a shigifa a rufe tun ranar da Hamisu ya tafi Jado gyaran injinan masu haƙar zinariya. Shekara biyu ke nan da wata uku ba a ji muryarsa ba. Ban ce a fid da rai ba, Allah ya dawo mana da shi lafiya. Amma ke da Kolo da Suma'ila kuna raye, kuma wasa ba kabari ba ne da za a yi ta gadinsa. Ku kwashe wancan, ku fara sabo, katuna su zama na huɗunku. Sannan ki rubuto mini gaskiya: ya gyaru ko ya ɓaci?

Ki gaida Inno da kyau.
Abdulmumin

*

Zinder, 15 ga Yuli, 2024

Abdul bawanmu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafar Inno da sauƙi in ba a yi hadari ba. Ruwa ya sauka, an yi shuka a Tirmini, mu kuma a lakwal mun samu hutu, na rabu da ɗalibai da lissafinsu har Oktoba. Akwati ya iso. Hajiya Shatu ta ce in gaya maka a kwastan an buɗe shi, an juya jiragen an juya, aka ce da ita kayan tsafi ne ko na yara.

Ka ce mu kwashe. Ashe zaman Turai ya mantar da kai dokar Inno: ba a naɗe abin da matafiyi ya bari a buɗe. Tabarmar da Yaya Hamisu ya yi salla a kanta ran da zai tafi har yau tana shimfiɗe. Ka tuna kuma a tsakiyar wasa ya tashi, layi na hannunsa, ya ce mu jira shi wata biyu, kada wanda ya taɓa masa shuɗayen jiragensa. Inno na tsakar gida ta ji. Cikin maza biyar da ta haifa shi kaɗai ya rayu, to kai ne za ka zo ka ce mata a kwashe?

Amma na yi dabara, ko in ce dabara ta yi kanta. Ina karanta takardar dokokin, Inno ta tambaye ni mene ne. Na yi mata bayani iyakar iyawata. Sai ta ce, "Wato su riƙe masa wuri har ya zo?" Na ce e. Ta ce, "To ai wannan ba kwashewa ba ce. Ku yi."

Jiya Lahadi bayan la'asar muka ɗage zanen da ya rufe teburin. Komai na nan yadda muka bari: jajayena, korayen Kolo, masu ruwan ɗorawa na Suma'ila, da shuɗaye goma sha ɗaya a gefen bangon arewa. Kolo, wanda ka san tun suna lakwal ba ya rabuwa da Yaya, ya daɗe yana goge kujerar da babu kowa kafin ya ɗora katunan a gabanta. Mun yanke zagaye ɗaya kowace Lahadi, don magariba ba ta jiranmu. Ni ce a hagun mazaunin, doka ta ce ni zan riƙa buɗewa.

Ga hukuncin farko. Sababbin dokokin majalisa sun ƙara wa Suma'ila baki, shi da dā ma ba a rasa shi da surutu. Fallayen gefe ban ga amfaninsu ba, fili ne baƙi ƙirin babu rijiya ko ɗaya, wa zai kai jirginsa can ya mutu da ƙishirwa? Katunan kuwa sun yi. Babban aibin wasan nan tun asali shi ne in mutum ɗaya ya tashi, duka ya rushe. Wannan sun toshe shi.

Ga abin dariya. Katin farko ya ce: ba maƙwabcinka na dama kyauta. Muka miƙa wa Kolo ƙwayar haske ɗaya daga taskar shuɗi. Na biyu ya ce: kai wa maƙwabcinka na dama hari. Suma'ila ya yi dariya har da buga tebur, ya ce, "Goron yaƙi ke nan!" Ka tuna haka Yaya yake yi, ba ya taɓa auka wa mutum sai ya fara ba shi wani abu. Duk muka yi dariya, ban da Kolo. Shi dai ya kalli kujerar ya ce, "Wushe, abokina," wato sannu a yarensu, ya kwashe jiragensa biyu da aka kashe.

Taubashiyarka kuma uwar ɗakinka,
Lubna

*

Liyon, 21 ga Yuli, 2024

Lubna,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin lafiyar Inno. Goron yaƙi ya ba ni dariya, har abokin ɗakina ya leƙo. Ke ce malamar lissafi, ba sai na gaya miki ba: cikin katuna ashirin da huɗu akwai na kyauta da na hari da yawa, dole wata rana su biyo juna.

Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba. Dokar ta ce a sabon wasa ake zaunar da katunan, a mazaunin da ba na kowa ba. Ba a yi su don su gaji mutum a tsakiyar wasa ba. Ba wai zai ɓata lissafi ba ne sosai, amma ku kun ba su kujerar mai rai, da jiragensa, da sunansa. Na karanta wa mai kantinmu, ya ce bai taɓa jin wanda ya yi haka ba. Na ce masa ai bai taɓa haɗuwa da Inno ba.

Maganar fallayen gefe ban yarda da ke ba. Su ne kyawun ƙarin. A tsohon wasa duniya tana da katanga, kowa ya san iyakarsa, ƙarshe sai a yi ta cunkoso a tsakiya. Yanzu akwai inda mutum zai iya ɓacewa, wannan ya sa kowace rijiya ta ƙara daraja. Ki ba shi lokaci.

Ki ci gaba da ba ni labari, ni nan ba ni da wanda nake zagi da Hausa.
Abdulmumin

*

Zinder, 12 ga Agusta, 2024

Abdul,

Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ruwa ya yi yawa, katangar maƙwabtanmu ta faɗi, amma ba ta taɓa kowa ba. Gero ya kai ƙugu a gonar Baffa Nomau.

Lahadi biyar ke nan, katuna goma. Zan faɗa maka abin da ya faru, kai ka yi lissafin.

Sau uku kati ya ce a kai hari ga wanda ya fi kusa. Sau ukun nan ni ce a kusa kafin a buɗe. Amma duk lokacin katin da ya riga shi na tafiya ne, sai ya janye shuɗayen ta yadda in an auna, wani ne ya fi ni kusa da taki ɗaya. Yaya bai taɓa kai mini hari ba tun da muka fara wasan nan. Cewa yake, "Gidan ƙanwata haramun ne." Na san abin da za ka ce. Ni ma na faɗa wa kaina.

Na biyu, shuɗayen sun bar gida. Katunan tafiya ba su ce arewa ko kudu ba, cewa suke: matsa zuwa rijiya ta gaba da babu kowa. To daga inda ya bar su, rijiya ta gaba kullum ta wajen bangon arewa take faɗowa. Sun bi huɗu a jere. Saura biyu su isa baƙin filin nan naka da kake yabo.

Na uku shi ne ya sa na zauna rubutu. Inno ta fara zuwa. Da farko a bakin ƙofa take tsayawa da carbinta. Yanzu kafin mu taru ta riga ta shimfiɗa buzunta a gefen kujerar. Ba ta san ja daga kore a wasan ba, amma in na buɗe kati sai ta ce, "Me ya ce?" Ba ta cewa me aka rubuta. In na matsa jiragen sai ta ce, "Nan akwai ruwa?" In na ce akwai, sai ta ce alhamdu lillahi, ranar ta ci tuwo har da ƙari. Rabon da in ga ta ci abinci haka tun kafin azumin bara. Ina jin daɗi kuma ina jin tsoro, ban san wanda ya fi ba.

Tambayarka ta raba Kolo da Suma'ila. Suma'ila ya ce ƙarin ya gyara wasan, don kati ba ya fushi, ba ya riƙe mutum a zuci har ranar suna. Kolo ya ce ya ɓata shi. Ya ce daɗin wasan nan ba jirage ba ne, alkawari ne: ka kalli idon mutum ya ce ba zai taɓa ka ba, ka zauna kana auna ko zai cika. Kati ba ya alkawari, ba ya cin amana, to me ya rage? Suma'ila ya ce, "In haka ne me ya sa kake roƙonsa kafin a buɗe?" Gaskiya ne, Kolo yana yi, a hankali, leɓe kawai ke motsi.

Baffa Nomau ya zo daga Tirmini ranar kasuwar Dole. Ya ce da Inno an tambaya a Agadas, an tambaya a Dirku inda ya yi waya ta ƙarshe, an gaji. Ya ce in an yi girbi babu labari, a zauna makoki a yi wa yaro sadaka, kada a hana shi addu'ar da ake yi wa mamaci. Inno ta ce masa, "Wane mamaci? Ran Lahadi ma ya sauka a rijiya." Baffa ya dube ni. Ban iya ɗaga kaina ba.

Lubna

*

Liyon, 14 ga Agusta, 2024

Lubna,

Ina fata kin tashi lafiya. A gurguje nake, ina da jarrabawa. Na karanta wasiƙarki sau biyu. Kati ba ya sanin ƙanwa, ba ya sanin arewa. In abu ya yi kama da Hamisu har haka, to akwai hannun wanda ya san Hamisu a ciki. Wani a teburin nan yana jera katunan don Inno ta ci abinci. Niyyar mai kyau ce, amma ƙarya ce, kuma ranar da za ta ƙare Inno ce za ta sha wuya. Duk wanda yake yi ya daina.

Abdulmumin

*

Liyon, 20 ga Satumba, 2024

Lubna,

Assalamu alaikum. Mako biyar babu amsa. Na kira, ba ki ɗauka. Hajiya Shatu ce ta ce mini kuna lafiya, ta ga Inno a gidan biki har ta yi ƙiba. Na sake karanta abin da na rubuto miki, sai yanzu na tuna ke ce mai buɗe katunan. Wallahi ba ke nake nufi ba, Kolo na zarga, shi ma ban kyauta masa ba. Ki yafe mini. Ina nan cikin sanyi ina yanke hukunci a kan gidan da ban kwana cikinsa ba shekara huɗu.

Ko ba za ki amsa ba, ki karanta wannan har ƙarshe. Na ɗauki na kanti na zauna da shi ni kaɗai, na jera tebur kamar yadda kika kwatanta, na buga sau shida. Ko sau ɗaya bai yi abin da naku yake yi ba. Nawa shirme yake, ya je gabas ya dawo yamma, ya ci jajaye ba kunya. Ba wannan ne ya sa na rubuto ba. A bugu na biyu wani kati ya fito wanda ban lura da shi ba da na saya. Ta baya daidai yake da sauran, ta gaba yana da baƙin gefe. Ga abin da aka rubuta: "Wannan mazauni ya yi shiru. Kada a jira shi. Na hagunsa ya kwashe abin da ya rage."

Masu wasan sun sa shi ne don kada mazaunin ya daɗe yana hana mutane cin rijiyoyi. Dabara ce kawai, an buga irinsa dubbai. Amma ki yi tunanin Inno a kan buzunta tana ce miki, me ya ce?

Idan bai riga ya fito ba, ki nemo shi ki cire. In babu shi, katuna suna ƙarewa sai a sake gauraya su a ci gaba, mazaunin ba zai taɓa mutuwa ba. Da na san da shi da ban aiko ba. Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Abdulmumin

*

Zinder, 23 ga Satumba, 2024

Abdul,

Lafiya lau muke. An fara yankan gero. Na yafe, amma sai da na yi fushi na ƙoshi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni ma na zargi kaina. Na riƙa kallon hannuna in ina gaurayawa, ko yana yin abin da ban sa shi ba.

Bayan wasiƙarka na ce kowa ya gauraya, mu ukun, a gaban juna, sannan Inno ta yanka. Kolo ya gane dalili, ya ce, "Da ni ke jerawa, Lubna, gida zan juyo da shi."

Lahadi ɗaya ruwa ya hana mu, don haka katuna ashirin muka buɗe. Shuɗayen sun wuce rijiya ta ƙarshe tun ƙarshen Agusta. Suna cikin baƙin fili. Ka san doka, jirgin da ya kwana zagaye babu rijiya kusa, sai an jefa masa ƙwaya mai lamba, in ta faɗi ƙasa da uku ya tafi. Daga goma sha ɗaya saura uku. Sau biyu kati ya fito da zai iya dawo da su, sau biyun aka auna aka ga rijiyar ta yi nisa da taki ɗaya. Suma'ila ya daina surutu. Ko majalisa yanzu da ka muke yi.

Inno ta daina tambaya ko akwai ruwa, don ta ga launin wurin da idonta. In jirgi ya faɗi sai ta miƙo hannu, in sa mata, ta ƙulle a bakin zane. Ba ta kuka. Jiya ta ce da ni, "Da can yana sauri. Yanzu ya gaji." Na ce, Inno, kwali ne fa, a Turai aka buga shi. Ta ce, "Ƙasar da malam yake bugawa ita ma ai daga tsakar gida ake ɗebo ta."

Katinka bai fito ba. Ɗaya cikin shida ne a ce ya kai yanzu bai fito ba, wannan ba abin mamaki ba ne, na lissafa don in samu barci. Yau da safe Inno ta tafi gaisuwar rashin lafiya a Zango, na shiga shigifa ni kaɗai na duba huɗun da suka rage. Yana nan, shi ne a sama. Da Lahadi mai zuwa shi zan fara buɗewa. Na daɗe tsaye da shi a hannu. Na sa shi cikin littafin darasina na ajin ƙarshe, na tura ƙasan jakar lakwal, na ɗora jakar kan almuru, kabad ɗin kayana, na kulle ɗaki. Ba wanda ya gan ni.

Ka tambaye ni ko ƙarin ya gyara wasan, ga amsa ka kai wa mai kantinku. A wajen mutum uku da suke son na huɗu, ya gyara, ba shakka. Ya cike gurbi, ya sa gefen taswira ya zama abin tsoro, ka yi gaskiya a kan wannan. Amma su rubuta a bayan akwati cewa kada a ba gidan da suke da kujerar da suke jira a cike.

Saura katuna uku. In sun ƙare zan gauraya, in sake gaurayawa, har Baffa ya gaji ko Yaya ya shigo. Ka yi mana addu'a.

Lubna

*

Zinder, 4 ga Oktoba, 2024

Abdul,

Ina gaishe ka. Jikinmu lafiya. Ka zauna kafin ka karanta.

Ranar Lahadi muka taru bayan la'asar kamar kullum. Rana tana nan sarai, ana jin masu sussuka daga bayan gida. Inno ta riga mu zama, ta yi wanka ta sa farin mayafinta. Na miƙa hannu zan ɗauki kati, sai na ga tarin ya fi yadda na bar shi kauri. Na taɓa gefensa da yatsa. Huɗu ne.

Na ce bari in ɗauko abu a ɗaki. Inno ta ce, "Zauna. Ba ya cikin jakar."

Kolo da Suma'ila ba su san komai ba, suka bi mu da ido. Na ce, Inno, wa ya gaya miki? Ta ce ranar Alhamis bayan azahar ta ɗan kishingiɗa a rumfa, ba barci sosai ba. Sai ga shi tsaye a bakin shigifa, da rigar da ya tafi da ita, leɓensa duk ya tsattsage. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Inno, Lubna ta ɗauke mini abu. A maida mini." Ta tashi ta ɗauki mabuɗina a inda nake ajiyewa, ta taka kujera da wannan ƙafar tata, ta sauko da jakar. Littattafai bakwai ne a ciki. Ta ce na farko da ta buɗe, ga shi.

Na ce mata ba ta san abin da ke jikinsa ba. Na ce in babu shi wasan ba zai ƙare ba, za a yi ta gaurayawa, zai ci gaba da tafiya, ba wanda zai ce ya mutu. Ina faɗa ina kuka. Ta bari na gama, sannan ta nuna jiragen ukun da ke cikin baƙin fili ta ce, "Wata guda ke nan yana can babu ruwa. Har yaushe kike so ki bar shi yana yawo don ni in ci tuwo? Buɗe."

Na buɗe. Ta ce, "Me ya ce?" Na karanta da Faransanci, ta ce ba da ita nake ba. Na mayar da Hausa. Kolo ya tashi ya fita waje, muna jin shi ta bayan bango. Na kai hannu zan kwashe, tunda ni ce a hagu, ta riƙe mini wuyan hannu ta ce, "Ni na haifa." Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa da takwas ɗin da ke bakin zaninta. Sannan ta ce da Suma'ila ya hau babur ya je Tirmini ya ce wa babansa, Baffa Nomau, ta yarda. Daga nan ta shiga ɗakin Yaya ta naɗe tabarmar da hannunta.

Ranar Talata aka zauna, jiya aka yi sadakar uku. Gida ya cika, har mutanen Hamdara dangin kakarka sun zo, sun ce a yi maka gaisuwa. Inno tana karɓar mutane da fuska a sake, ita ke ba wasu haƙuri. Baffa ya ce Allah ne ya sanyaya mata zuciya, kuma bai tambayi ta wace hanya ba.

Ni ce ban samu sanyin ba. Na yi ta neman inda lissafin ya kuskure. Wataƙila ta hange ni ta taga, wataƙila ba ta je Zango ba, wataƙila littafin da kansa ya buɗe inda katin yake. Duk suna iya yiwuwa. Babu gawa, Abdul, babu wanda ya gani, babu ko takalmi. Zai iya kasancewa a wani kurkuku, ko a wani gari da babu waya, yana ƙirga kwanakin dawowa.

Kowa ya shigo gaisuwa, bayan addu'a tambaya ɗaya yake yi: yaushe labari ya zo, wa ya kawo? Na farko da ya tambaya, limamin unguwa ne, na rasa inda zan sa idona. Inno ta amsa masa ba tare da muryarta ta girgiza ba, kuma haka take amsa wa kowa har yau:

"Ranar Lahadi ne. Lubna ce ta karanta mana."

Taubashiyarka,
Lubna